Yadda za ka kalli tseren motoci masu taya a waje har ka iya raba gwaninta da ganganci

Motocin da nake nufi su ne 'yan siraran nan masu kujera ɗaya tal, tayoyi huɗu duk a waje ba abin da ya rufe su, fiffike a gaba fiffike a baya, direba a kishingiɗe a tsakiya ba ka ganin komai nasa sai hular kwano. Formula 1 ce duniya ta fi sani, amma Amurka na da tata mai suna IndyCar, kuma ita ce wadda ta taɓa yin tashe sosai daga baya kasuwarta ta faɗi warwas. Da ka fara bibiyar wasan nan ba za ka daɗe ba za ka ci karo da masu cewa ai an lalata shi, wai yawan dokokin kariya ne suka cire mai armashi, wai da can ne ake tseren gaske lokacin da direba ke shiga mota bai san ko zai fito da rai ba. Ni gaskiya ban yarda da wannan magana ba, amma ba na so ka ɗauki tawa kawai, so nake ka san inda za ka sa ido idan kana kallo, yadda kai da kanka za ka yanke hukunci.

Ka fara da tayar, don daga nan komai ya samo asali. Motocin NASCAR, wata gasar tseren motoci ta Amurka, jikinsu a rufe yake kamar motar gida, suna iya gogar juna su karce fenti su ci gaba da tafiya. Waɗannan kuwa idan tayar gaban na baya ta taɓa tayar bayan na gaba, ɗaya tana juyawa sama ɗaya tana juyawa ƙasa a daidai inda suka haɗu, sai ta haye ta, motar ta ɗaga hanci, iska ta shiga ƙarƙashinta, shikenan ta tashi sama. Shi ya sa duk lokacin da ka ga motoci biyu sun jera a kwana tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba kuma ba su taɓa juna ba, to ka san aiki ka gani. Wanda bai san wannan ba zai ce ba abin da ya faru, alhali a nan wasan yake.

Abin da zan ce ka fara nema a YouTube ba tseren ba ne ma, gwajin neman gurbi ne na Indy 500, babban tseren IndyCar da ake yi a filin Indiyanapolis. Filin Indiyanapolis zagayensa mil 2.5 ne, wajen kilomita 4 kenan, kwana huɗu duk hagu, an fara tseren tun 1911, motoci 33 ke shiga su yi zagaye 200. A gwajin kuwa mota ɗaya ake saki ita kaɗai ta yi zagaye huɗu a jere. Ka nemi wanda aka ɗauka da kyamarar cikin mota, ka sa abin ji a kunne, kar ka kalli lambar gudun, ka kalli hannun direban a kan sitiyari ka kuma saurari injin. Idan ƙarar ba ta sauka ba ya shiga kwana to bai ɗaga ƙafa daga totur ba, idan ka ga hannun ya ɗan yi dama kaɗan a tsakiyar kwanar hagu to bayan motar ne ya so ya zame ya kamo shi, kuma ka lura zagaye na huɗu ya fi na farko wahala don taya ta yi zafi ta fara sakin kwalta, ga katanga nan tana jira a bakin fita. A 1996 Arie Luyendyk ya yi zagaye huɗun nan a matsakaicin gudun mil 236.986 a awa, sama da kilomita 380 kenan, kuma har yau ba wanda ya karya. Shi tseren kansa a ƙarshen watan Mayu ake yi ranar Lahadi, yakan faɗo wajen ƙarfe shida saura na yamma agogon Najeriya da Nijar, to ka shirya data da caji tun da wuri don yakan ci awa uku.

To yanzu tarihin, kuma a nan zan ɗan daɗe don idan ba ka san shi ba duk wanda ya zo zai iya juya ka.

A farkon shekarun 1990 gasar Amurka, wadda ƙungiyar masu motoci mai suna CART ke gudanarwa tun 1979, ta kai matsayin da Formula 1 kanta ke ɗan kallonta da gefen ido. Nigel Mansell ɗan Ingila ya ci kambun duniya a 1992, ya tattara ya koma Amurka a 1993 ya ci kambun can a shekararsa ta farko. Ga Mario Andretti da ɗansa Michael, ga Emerson Fittipaldi na Brazil, ga Al Unser ƙarami wanda ya ci Indy 500 na 1992 da ratar daƙiƙa 0.043 a gaban Scott Goodyear, ga Jacques Villeneuve da ya ci Indy da kambun a 1995 kafin ya wuce Formula 1. Amma akwai tsatsa a ƙasa. Gasar ta masu motoci ce, babban filin kuwa da babban tseren na iyalan Hulman ne, kuma jikan gidan Tony George bai ji daɗin yadda abubuwa ke tafiya ba, yana ganin kuɗin shiga wasan ya yi yawa, ana ta ƙara tseren kan titunan birni ana rage na fili mai zagaye, kuma yaran Amurka da suka taso a ƙananan filayen ƙasa ba sa samun kujera sai baƙi masu ɗauko kuɗin talla. Kuma yana da 'yar gaskiya, don Jeff Gordon a jihar Indiyana ya goge amma bai samu shiga ba sai NASCAR ce ta ɗauke shi ya zama babban tauraronta.

Maganin da ya kawo ne ya fi ciwon. Ya kafa tasa gasar mai suna IRL, ta fara a 1996, ya kuma ce a cikin gurbi 33 na Indy 500 an ware 25 ga 'yan gasarsa, saura 8 kowa ya yi kokawa a kai. CART ta yi fushi ta ƙi zuwa, ta shirya nata tseren mai suna U.S. 500 a Mishigan a rana ɗaya, 26 ga Mayu 1996. Ka nemi bidiyon biyun ka kalla. A Mishigan inda manyan sunaye suke motoci da dama suka yi karo tun kafin a ɗaga tutar farawa, a Indiyanapolis kuma filin da kowa ya sani ne amma cike da direbobin da yawancin masu kallo ba su taɓa jin sunansu ba. Kamar a raba kasuwar gari gida biyu a rana ɗaya ne, masu kaya na can masu saye na nan, ba wanda zai yi ciniki. Haka aka yi shekara 12 ana ja, kamfanonin talla suka rasa wa za su bi, masu kallon talabijin suka koma NASCAR wadda ma tun 1994 aka buɗe mata ƙofar filin Indiyanapolis ɗin. Ƙungiyar Ganassi ta dawo Indy a 2000 ta ci da Juan Pablo Montoya, ta Penske ta biyo a 2001 ta ci da Helio Castroneves, Honda da Toyota suka koma IRL a 2003, a ƙarshen shekarar CART ta karye, abin da ya saura daga cikinta ya ja jiki da sunan Champ Car har aka haɗe a Fabrairun 2008, haɗaɗɗiyar gasar ita ce IndyCar ta yau. Lokacin da aka haɗe ɗin yaran da ya kamata su taso da son wasan sun riga sun girma da wani.

Yanzu ka duba jerin nan da kyau ka gaya min, a ina dokar kariya ta shigo? Babu. A daidai shekarun da kasuwar ke faɗuwa wasan ya fi kowane lokaci na baya-bayan nan haɗari. Scott Brayton ya rasu a gwaji a Indiyanapolis a 1996, Jeff Krosnoff a Toronto a shekarar, Gonzalo Rodríguez da Greg Moore a 1999, 'yan kallo uku a Mishigan a 1998 da wasu uku a Charlotte a 1999 taya da tarkace suka tsallake shinge suka same su a kujerunsu, Alex Zanardi ya rasa ƙafafunsa biyu a Jamus a 2001. Da a ce jini ke kawo 'yan kallo da a lokacin filayen sun fi cika. Don haka duk wanda ya ce maka kariya ce ta kashe wasan a Amurka, ka tambaye shi me ya faru a 1996.

Abu na gaba da za ka koya, kuma shi ne zuciyar maganar, shi ne ka riƙa yi wa kanka tambaya ɗaya duk lokacin da gabanka ya faɗi kana kallo: a wannan yanayin, iyawar direba tana iya canza wani abu ko kuwa sa'a kawai ake jira? Idan mota na da ƙarfi fiye da yadda tayarta za ta iya riƙewa, dole direba ya ɗaga ƙafa kafin kwana, ya san daidai inda zai taka birki, gwani ya jinkirta da ɗan kaɗan ya wuce wanda bai kai shi ba, motoci su rarrabu bisa iyawa. Wannan shi ne armashi na gaske. Amma idan fiffike ya danne motar ƙasa sosai, filin kuma kwanarsa a karkace take sosai, kowa totur a ƙasa yake duk zagayen har ɗan koyo, ba mai iya tsere wa wani, sai su dunƙule wuri ɗaya layi biyu layi uku taya kusa da taya. A talabijin yana da kyau ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, amma ba wanda ke da hanyar kaucewa idan na gaba ya yi kuskure.

Haka aka yi a Las Vegas ranar 16 ga Oktoba 2011. Fili mai mil 1.5 aka zuba wa motoci 34, fiye da na Indiyanapolis mai mil 2.5, direbobi sun nuna damuwa tun kafin ranar, an kuma sa garabasar dala miliyan 5 idan Dan Wheldon, wanda ya ci Indy 500 a shekarar, ya taso daga can ƙarshen layi ya ci, za su raba da wani ɗan kallo. A zagaye na 11 motoci biyu suka ɗan taɓa juna a gaba, cikin daƙiƙa kaɗan 15 suka shiga ciki, ta Wheldon ta haye wata ta tashi ta faɗa shingen waya, kansa ya bugi turken shingen. Shekararsa 33. Ba wata gwaninta da za ta fitar da shi daga wurin, kuma wannan nake kira ganganci. Ba sai ka kalli haɗarin ba, ka kalli zagaye goma na farko kawai ka ga yadda suke a cunkushe, za ka gane. Abin da ya ƙara taɓa ni shi ne shi ɗin ne ya yi ta gwada sabuwar motar da kamfanin Dallara ya ƙera don rage irin wannan tashin, shi ya sa aka sa mata DW12 da haruffan sunansa.

Ka haɗa da tseren IndyCar na filin Fontana a 2015, inda aka yi canjin jagora sau 80 a tsere ɗaya, wasu suka ce ba a taɓa yin mai daɗinsa ba, manyan direbobi kuwa suka fito ransu a ɓace suna cewa Las Vegas ake neman maimaitawa, Ryan Briscoe ya yi ta wuntsilawa a sama dab da ƙarshe. Ka kalli kujerun 'yan kallo a bidiyon, yawancinsu wayam. Sai kuma Texas 2001, inda CART ta soke tsere a ranar da za a yi shi saboda gudun da karkatar kwanar sun sa jini na barin kan direbobi, yawancinsu suka ce suna jin jiri wasu idonsu na rufewa. An zage su sosai a lokacin, amma ni a wurina wannan yana cikin 'yan abubuwan da suka yi daidai.

Daga nan sai ka koyi gane kayan kariyar da idonka, ba wuya. Idan direba zai shiga mota ka duba wuyansa, akwai wani baƙin abu da ke zaune a kafaɗa an ɗaure shi da hular kwano ta baya, HANS ake ce mai, yana hana kai fizgewa gaba idan mota ta tsaya farat ɗaya, Formula 1 ta wajabta shi a 2003. Ka duba katangar kwana a Indiyanapolis za ka ga ba siminti ne a fuska ba, bututun ƙarfe ne da soso a bayansa yana lotsawa ya shanye bugun, masana a jami'ar Nebraska suka ƙirƙiro aka fara kafawa a 2002. Idan mota ta daki katanga ka ga taya ta karye amma tana reto ba ta tafi ba, igiya ce mai ƙarfi aka ɗaure ta da ita, darasin mutanen nan da suka mutu a kujerun kallo ne. Sai ƙarfen nan mai kama da baka da ke kewaye kan direba a Formula 1 tun 2018, halo, da gilashin da IndyCar ta ƙara a kan nata tun 2020, bayan wani ɓallin hancin mota ya faɗo wa Justin Wilson a ka a Pocono a 2015 ya rasu.

Halo ɗin nan ba irin zagin da bai sha ba, wai muni, wai ya ɓata asalin wasan. To ka nemi Bahrain, 29 ga Nuwamba 2020, zagayen farko. Motar Romain Grosjean ta soki shingen ƙarfe ta rabe biyu, wuta ta tashi, rabin da yake ciki ya shige tsakanin ƙarafan shingen, halo ɗin ne ya buɗa ƙarfen sama ya wuce ta saman kansa. Kusan rabin minti yana cikin wuta sannan ya tsallako da ƙafarsa, bayan hannuwansa ne suka ƙone. Shi kansa yana cikin masu adawa da abin a da, daga gadon asibiti ya janye maganarsa, shekarar da ta biyo kuma yana Amurka yana tsere a IndyCar. Ka tambayi kanka cikin duk kayan nan wanne ne ya sa kwana ta yi sauƙi ko ya rage wa direba aikin hannu. Babu ko ɗaya, wanda ya yi kuskure har yanzu zai rasa tseren, ransa ne kawai ba zai rasa ba.

Amma fa kar ka zama mai kare komai, akwai inda masu ƙorafi ke da gaskiya kuma ya kamata ka iya ganewa. Filaye da yawa na Formula 1 an cire tsakuwa da ciyawar gefen hanya an shimfiɗa kwalta mai faɗi, sai direba ya wuce layi ya dawo ba abin da ya same shi, hukuncin ya bar hannun hanya ya koma ofishin alƙalai. A Ostiriya a 2023 sai da aka duba fita daga layi sama da 1,200 a tsere ɗaya, sakamakon ya canza bayan mutane sun tashi, shekara mai zuwa suka zuba 'yar tsakuwa a bakin kwanonin ƙarshe matsalar ta ragu sosai. Ka ga ana iya hukunta kuskure ba tare da an kashe mutum ba. Haka nan idan ka ga mota ta fi ta gabanta gudu amma da ta matso sai ta fara zamewa ta ja baya, wannan ba dokar kariya ba ce, gurɓatacciyar iskar da fiffiken na gaba ke bari ce, matsalar ƙira ce, ita ta sa Formula 1 ta kawo DRS a 2011, na'urar da ta riƙa buɗe fiffiken baya a miƙaƙƙiyar hanya, sai wucewar ta zama ta danna maɓalli. Idan kana ƙirga wuce-wuce a tsere ka ware na maɓalli daban, na taka birki a makare daban. IndyCar kuma tun 2012 gangar mota ɗaya kowa ke amfani da ita ta Dallara, injin Honda ko Chevrolet, hakan ya sa tseren na yin kusa-kusa amma ya cire wa mutane ɗokin ganin sabuwar ƙira kowace shekara, kuma wannan maganar kuɗi ce.

Na ƙarshe da za ka sa wa ido shi ne tuta. Rawaya na nufin a rage gudu ba wucewa, motar tsaro ta fito ta tara su, ja kuma a tsaya gaba ɗaya. Duk lokacin da aka ɗaga ka tambaya, don wa aka ɗaga? Jules Bianchi a filin Suzuka na Japan a 2014 ya zame cikin ruwan sama ya faɗa ƙarƙashin motar da ke janye wata, ya rasu a Yulin 2015, don haka idan akwai ma'aikata ko babbar mota a gefen hanya kar ka yi tsaki don an dakatar. A Beljiyam a 2021 ma ƙin sakin motocin cikin wancan ruwan daidai ne, laifin shi ne yin 'yan zagaye a bayan motar tsaro sannan a raba rabin maki a ce an yi tsere, mutane sun wuni a jiƙe. Wani lokacin kuma akasin haka ake yi, a ɗauki tutar da aka yi don kariya a mayar da ita kayan haɗa wasan kwaikwayo. Ka nemi zagaye 20 na ƙarshe na Indy 500 na 2023. Sau uku aka ɗaga jar tuta, a ɗaya daga haɗurran tayar Kyle Kirkwood ta ɓalle daga motar ta tsallake shinge ta wuce gefen 'yan kallo ta faɗa kan wata mota a wurin ajiya, a ta ƙarshen kuma aka fito da su daga layin gareji kai tsaye aka sake su su yi zagaye ɗaya tal tayoyi ba su gama ɗumi ba, Josef Newgarden ya wuce Marcus Ericsson ya ci, Ericsson ya fito ya ce ba adalci kuma akwai haɗari. Ka kalla sau biyu, na farko da muryar masu sharhi, na biyu ka kashe murya ka bi motoci biyun gaba kawai, ka lura da yadda Newgarden ke karkata motar hagu da dama a miƙaƙƙiyar hanya don kar na baya ya samu iskar da zai laɓe a ciki, sannan ka ƙirga tuta nawa cikin ukun nan kai za ka ɗaga da kai ne ke riƙe da ita.